Karas a Cikin Taya

Dilimi, Jos
Farkon damina

Zuwa ga Yayata Murjanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da jikoki da duk mutanen Zariya. Yaya gwiwar nan taki? Allah Ya sa kin daina taurin kai kina shafa maganin. Mu nan lafiya lau, sai sanyin Jos da kika sani.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a bakin buhun dankali maimakon kiran waya. Ke sai an ɗaga murya kike ji, shi kuma mai gidan nan yanzu kullum yana gida, kunnensa kuwa ba abin da ya same shi. Cletus direba ne zai kawo miki, shi ba ruwansa da abin da ke cikin buhu.

Yaya, ki taya ni murna. Ashe Allah Ya azurta ni da miji gwanin ƙawata gida, ni ban sani ba. Duk shekarun nan babbar mota ce ta ɓoye min baiwar Baban Ummi. Yanzu da ya ajiye tuƙi, gidana ya zama abin kallo a Dilimi, har masu wucewa suna leƙowa ta zaure su yi salati.

Ummi ce ta jawo min wannan arziki. Da ta zo ganin gida sai ta nuna wa ubanta bidiyon wasu Turawa a waya, suna shuka fure a cikin tsohuwar taya. Ita ta koma gidan mijinta lafiya, ta bar ni da sakamakon. Babu mai facin da bai bi ba a unguwar nan. Tsakar gidana yanzu taya ce a jere, wata ja, wata kore, wata ruwan ɗorawa, in kin shigo sai ki ɗauka shataletalen gwamnati ne, ki tsaya neman ɗan sandan da zai ba ki hannu.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Ya samo kujerar gaban mota ya ɗora kan bulo, nan ne wurin zaman baƙi yanzu. Ya ƙera agogon bango da marfin wili, kyakkyawa ƙwarai, sai dai lokacin da yake nunawa ina jin na Makka ne. Ya cire min labulen kicin da na zaɓo da kaina ya rataya tamfal, wai ya fi ƙarko. Gaskiyarsa, ko hayaƙi ba ya iya ratsa shi, duk a idona yake ƙarewa. A jikin ginshiƙin kicin ya ɗaura madubin gefen mota, don in riƙa ganin tsakar gida ba sai na juya ba. A ƙofar banɗaki kuwa ya sa mai fenti ya rubuta "Allah Ya kiyaye hanya". Ban ce uffan ba, addu'a ce.

Babban abin alfaharin shi ne hon. Ya haɗa hon ɗin babbar mota da batir a bakin zaure, wai baƙo ya danna maimakon ya yi ta sallama. Mai kawo mana ruwa ne ya fara gwadawa. Jarka biyu ya saki, har yau kuma daga nesa yake tsayawa ya ƙwala kira.

Na san kina cewa, Tabawa da baki irin nata, yaya aka yi ta yi shiru? Bari in gaya miki abin da ban gaya miki a waya ba. Kin ji dai cewa ya gogi ƙarfen gada a Hawan Kibo bara, aka ce birki ne. Ba birki ba ne, Yaya, bai ga ƙarfen ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya rufe ta gefe, na dama yana bin sa a hankali. Magani zai riƙa ɗigawa har ƙarshen rayuwa, sitiyari kuma ya manta da shi. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan fitar da maganar waje ba, domin a tasha direban da aka ce idonsa ya taɓu ko gaisuwa ba a tsayawa a yi masa. Ke kaɗai na gaya wa, ke kuma ba waje ba ce.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Sai ya zauna a zaure kamar buhun da aka manta, in sa masa tuwo in ɗauke yadda na ajiye. Duk motar da ta wuce titi sai ya ɗaga kai ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace. Yanzu kuwa da asuba yake tashi yana fito, hannu duk fenti, yana tambayar ko da sauran ɗumame. To, ko tayar jirgin sama ya kawo, zan matsar da turmina in ba ta wuri.

Sabon abin shi ne ya ce fure ba ya shiga miya, don haka ya cika tayoyin da ƙasa da kashin shanu ya shuka latas da tumatir da karas, a kan daɓen siminti. Ni da nake sayar da kayan lambu a Terminus tun kafin kasuwa ta ƙone, bai tambaye ni ko kalma ɗaya ba. Wai ni saye da sayarwa na sani, shi kuwa ya kalli bidiyo.

Ki gaida Malam da yara. Dankalin na Bokkos ne, ki fara da na sama, na ƙasan sun fi jure ajiya.

Taki ƙanwa,
Tabawa


Dilimi, Jos
Tsakiyar damina

Yaya Murjanatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi miki ya jiki. Saƙonki ya iso, daddawa da kuka da takardarki, na gode Allah Ya bar zumunci. Saƙar da kika yi min ta kan kujera kuwa ta yi kyau har ta wuce, sai dai ban mallake ta ba. Baban Ummi na ganinta ya lulluɓa ta a kan kujerar motarsa, ta kuwa zauna daidai kamar kin auna. Ya ce in gaya miki kina da ido.

Kin tambayi labarin lambu. Latas ya riga mu gidan gaskiya. Ƙanƙara aka yi wata ranar Laraba da la'asar, irin ta Jos mai kama da tsakuwa. Ina rumfa a Terminus muna ta rufe kaya ni da Suzana, maƙwabciyata da ke kawo min karas da kabeji daga lambunta na bayan Anguwan Rukuba. Da na dawo na tarar da shi tsaye da laima a kan tayoyi, shi a jiƙe, latas kuma kamar an yanka shi za a yi kwaɗo.

Tumatir kuwa ba Allah ne Ya aiko masa da ajali daga sama ba, ubangidansa ne ya yi masa sabis. Tururuwa ya ji tana hawa hannunsa, sai ya tuna a gareji baƙin mai suke zuba wa ramin tururuwa. Ya kuwa samo galan ya kewaya gindin kowanne. Gaskiya tururuwa ta tafi. Tumatir ma ya bi ta. Na buɗe baki zan yi magana, na ga yadda ya tsuguna yana shafa busasshen ganyen da yatsa, sai na rufe bakina na ce ai irin ne ba shi da kyau, masu sayar da iri yanzu ba su da tsoron Allah.

Saura karas. Shi kam ganyensa ya yi luf, kore shar, har ya rufe fentin tayoyin. Kullum da safe sai ya gaishe shi kafin ya gaishe ni.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Oga Livinus ya zo. Kin tuna shi, mai motocin da Baban Ummi ya yi wa tuƙi tun Ummi tana goye, wanda ya zo sunan jikana da buhun shinkafa a ka. Mutumin kirki ne, a Jos aka haife shi, in yana Hausa a bayan katanga sai ki rantse ɗan Dilimi ne. Ya danna hon, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya zauna a kujerar mota ya ce ai nan gidansa ne. Sai ya kawo kukansa. Wai yaran direbobin yanzu sun gama masa da motoci, ga sabuwa tana hanya, ga kakar dankali ta zo, ba ya son kowa ya fara taɓa sitiyarinta sai Lukuman, wato Baban Ummi. Ya tambayi idon, mutumin naki ya ce ɗan hazo ne kawai, ya ma washe.

Ina kicin ina kallon su ta madubin nan. Na ga yadda Baban Ummi ya gyara zama da aka ambaci sabuwar mota, hannunsa na dama har ya sauka yana laluben giya a gefen kujera. Na so in yaye tamfal in fito in ce, Oga, wannan mutumin ba ya ganin buta in tana hagunsa. Amma na yi alkawari, kuma in na kunyata shi a gaban ubangidansa, to na tsare masa rai na kashe masa zuciya.

Amsar da ya bayar ita ce ta hana ni sakewa. Ya ce wa Oga ya ba shi zuwa lokacin da karas zai nuna. In abin da ya shuka da hannunsa ya shiga tukunyar gidan nan, to ya zama manomi, a nemi wani direban. In kuwa bai yi ba, ba zai zauna mace tana fita cikin ruwan sama tana ciyar da shi yana fentin taya ba. Suka tafa a kan haka kamar masu cinikin rago.

Bayan Oga ya tafi na yi magana, Yaya, wallahi na yi. Na bi ta lallashi, na bi ta faɗa, na kawo likita, na kawo Ummi da jikoki, na ce ciyarwar da ya yi mana a baya ta isa ya ci hutu har ya gaji. Ya bar ni na gama sarai, sannan ya ce na manta ban rufe buhun taki ba.

To kin ji inda muke. Ran mijina yana rataye a jikin karas, ni kuma da nake jefa wa awaki wanda ya kwana biyu, yau ga ni ina yi wa karas addu'a bayan kowace salla. Ki taya ni.

A gaida kowa da kowa.

Taki,
Tabawa


Dilimi, Jos
Juma'a da yamma

Yaya,

Sallama da gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Wannan gajeriya ce, Cletus zai tashi da sassafe, kuma abin ya cika min ciki dole in sauke wa wani.

Oga Livinus ya aiko cewa mota ta iso, gobe Asabar zai zo jin amsa. Baban Ummi ya ce madalla, a gabansa za a yi girbi, in dafa gwate mai kyau.

Shekaranjiya da ya tafi masallaci na ce bari in leƙa abin da ke ƙarƙashin ganyen nan. Na tona ɗaya. Yaya, ɗan yatsana ƙarami ya fi shi. Na tona wani, shi ma haka, ga shi a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ashe da sun ɗan nutsa sai su ci karo da siminti su juyo. Duk ƙarfin ya tafi ganye. In ya tumɓuke waɗannan a gaban Oga, ko hula ba zai tsaya ɗauka ba, sai tasha.

Jiya a rumfa na ja Suzana gefe. Ban ce mata komai game da ido ba, na dai ce mijina zai ji kunya a gaban baƙo. Ta yi dariya har ta zubar da kashin attaruhu, ta ce, "Hajiya, kin tsufa ba ki daina ba." Yau da safe na bi ta lambu.

Ki ji yadda ƙanwarki ta tsara abu, don ki san zaman Terminus bai tafi a banza ba. Ban yarda a wanke ba, da ƙasarsu na ɗauko. Ban yarda a yanke ganye ba. Na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, na rufe da kabeji a cikin kwando, ko mai Keke bai san abin da ya ɗauko ba. Na jira ya tafi Juma'a, na san kuma bayan salla sai ya tsaya majalisar tsofaffin direbobi sun gyara duk titunan Najeriya da baki. Na tumɓuke nasa, na dasa na Suzana, na danna ƙasa, na yayyafa ruwa, na share daɓe.

Wuri ɗaya muka saɓa da Suzana. Ita wai in ɗebi matsakaita. Na ce, matsakaita a gidana? Ni da ko a faifai ban taɓa sa matsakaici a gaba ba? Na miƙa hannu zan bi shawararta, hannun ya ƙi, da kansa yake zuwa kan manyan, miƙaƙƙu, irin waɗanda nake ɓoye wa matan otal. In za a fitar da mutum kunya, a fitar da shi gaba ɗaya. Sun ɗan ba ni wahala wajen dasawa, don sun ƙi shiga a tsaye, sai na kwantar da su a karkace na rufe. Ƙasa ai ba ta da baki.

Ya dawo ɗazu ya ba su ruwa, ya shafa ganye ya ce yau sun ƙara tsawo. Na ce ai albarkar Juma'a ce.

Nasa 'yan ƙananan suna cikin leda a bayan tukunya. Na je zan zuba wa awakin maƙwabta na kasa, kin san ni da zubar da abin ci.

Na san abin da za ki rubuto, cewa yaudara ce, in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronSa, Yaya. Ina kuma jin tsoron Hawan Kibo. Ki yi min faɗan bayan gobe, zan saurara.

Taki,
Tabawa


Dilimi, Jos
Ƙarshen damina

Zuwa ga Yayata Murjanatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin tashi lafiya, ya gwiwa, ya Malam da yara. Takardarki ta faɗa ta iso, na karanta har ƙarshe, na kuma karɓi laifina na rashin ba ki labari da wuri. Na bari ne sai da na tabbatar da inda abin ya tsaya. Ki gyara zama.

Ranar Asabar ɗin na tashi da wuri na ɗora gwate. Na sa acca, na sa ƙashi mai ɓargo, yakuwa da alayyafo da gauta. Ina cikin juyawa idona ya faɗa kan ledar nan ta bayan tukunya. Na ce maimakon su ruɓe a tona min asiri da wari, gara su narke a ciki. Na wanke su na watsa, ko yankawa ban yi ba, don babu abin yankawa a jikinsu.

Da hantsi hon ya tashi. Oga Livinus ya shigo da makullin sabuwar mota yana kaɗa shi a yatsa. Baban Ummi kuwa ya sha farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya shimfiɗa buhu a gaban jar taya ya durƙusa, ya yi bismilla ya kama ganye ya ja.

Karas ya fito ta gefe, Yaya, kamar yaron da ya tsere ta taga. Ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa. Oga ya dafe kai ya ce, "Lukuman! Wannan karas ne ko rake?" Ni kuma ina tsaye ina ta masha Allah, ina jin kaina kamar wadda ta ci zaɓe.

Sai na ga mutumin naki ya ɗora abin a tafin hannunsa. Ya bi karas ɗin da yatsa daga kai har wutsiya. Sannan ya tsayar da shi a jikin tayar daga waje, wutsiya a kan siminti. Taya ta ƙare, karas bai ƙare ba.

A nan ne na gane abin da na yi. Na yi tunanin ƙasa, na yi tunanin ganye, na yi tunanin mai Keke, ban yi tunanin cewa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kwance taya a gefen titi ya san faɗinta kamar yadda na san nauyin kwandon tumatir ba. Oga ma ɗan taya ne. Ya dubi karas, ya dubi taya, dariyarsa ta tsaya a rabi. Na ce wai gwate zai kama, na shige bayan tamfal.

Allah Ya saka wa wanda ya ɗaura madubin nan da alheri, don ta cikinsa na ga sauran. Baban Ummi ya tumɓuke na biyu da na uku, ya jera su a kan buhu a natse. Na jira ya ƙwala min kira, bai kira ba. Ya koma ya zauna kusa da Oga, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma kunnen 'yar kasuwa ba a yi masa ƙasa-ƙasa. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Oga, tun jiya da rana waɗannan suke gabana. Na ba su ruwa da yamma, na ba su da safe, da hasken rana a tsakar gidana, ban ga an canza min ko ganye ɗaya ba. Sai da hannuna ya taɓa na sani. A kan titi kuwa, in ka bari sai hannu ya gaya maka, an riga an tara mutane."

Daga nan ya gaya masa duka, da likita da gada da komai. Oga ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Can ya ce, haba Lukuman, shekara nawa muna cin abinci a kwano ɗaya, ka bar ni na shigo gidanka ina kaɗa maka makulli? Ya mayar da makullin aljihu. Ni kuwa a kicin hayaƙi ya dame ni ƙwarai, na yi ta share ido. Laifin tamfal ne.

Na fito da gwate kaina a ƙasa, na ajiye na koma. Suka fara ci, Oga yana ta santi, wai bai taɓa jin gwate mai ɗan zaƙi-zaƙi haka ba. Sai cokalin Baban Ummi ya ɗauko wani abu. Ya kai shi dab da idonsa na dama, ya cire shi da yatsu ya jujjuya: ɗan guntun karas, lanƙwasasshe kamar ƙugiya, ya ƙi narkewa don ya kunyata ni. Na san daga inda yake zaune ba ya iya ganina. Amma shi ya saita madubin, ya san inda yake kallo. Ya ɗaga ɗan karas ɗin saitin madubi, ya riƙe shi a nan har sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ya ce, "Wannan kam ɗan gida ne. Oga, ka shaida, ya shiga tukunya." Ya jefa a baki ya nemi ƙari.

Har yau, Yaya, bai ce min komai a kan maganar ba, ni ma ban ɗauko ta ba. Oga yana aiko mota jifa-jifa a kai shi gareji ya saurari inji da kunne, ya zazzage yaran direbobi, ya dawo da ƙoshin rai. Sauran lokaci yana nan yana aiki. Yanzu taya uku-uku yake ɗorawa, ɗaya kan ɗaya, ya cika da ƙasa. Ina shanya na ji yana gaya wa tayoyin, da murya daidai yadda za ta iso igiyar shanya, wai ya ƙara musu zurfi ne don karas na bana ya samu ya tsaya da ƙafarsa, ba sai wani ya wahala ya kwantar da shi ba. Na ci gaba da shanyata. Ya kuma sauke tamfal ya mayar min da labulena, ya ce ya lura hayaƙi yana sa ni hawaye.

Ummi ta zo ta ɗauki gidan a waya za ta nuna wa ƙawayenta. Na roƙe ta da girman Allah kada ta sake nuna wa ubanta wani bidiyon, don na ji yana tambayar inda ake samun tsohon tankin mai, wai kifi.

Ki gaida Malam, ki ce ina neman addu'a. A shafa min kan jikoki. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa, Ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Tabawa

Af, na manta. Manyan karas ɗin Oga aka ba, ya fita da su a hannu ba leda, duk layinmu suka gani. Yanzu magidanta har daga bayan masallaci suke zuwa su danna hon, suna neman sirrin karas ɗin Malam Lukuman. Shi kuma sai ya gyara zama a kujerar mota ya ce, shi ruwa kawai yake bayarwa, harkar dashe a tambayi Maman Ummi. To Yaya, ke da kika iya wa'azi, in nuna musu hanyar lambun Suzana, ko in bar su su fara tara taya?